Jijiyar Katako Ba Ta Kiɗa

Wani sabon ɓacin rai ya shigo wa masu kaɗa jita, musamman matasan da ke sayen ta farko ko ta biyu. Mutum zai daɗe yana tara kuɗi, ya ga hoton jita a waya, ya aika a kawo masa daga Legas ko Dubai, ko ta hannun ɗan'uwa da ke Turai. Ranar da ta iso, kafin ya kaɗa ko sau ɗaya, sai ya kai ta bakin taga yana jujjuyawa. Layukan katakon fuskarta ba su miƙe kamar na hoto ba. Rabin fuskar ya fi ɗaya rabin duhu. Ga wani ratsi mai ruwan ƙasa a kan baƙin katakon wuya. Daga nan ya danna tsirkiyoyi ya ji suna cizon yatsa, sai ya haɗa duka ya yanke hukunci cewa an cuce shi.

Ba na raina wannan ɓacin rai. A yadda kuɗi ya koma yau, jita mai katako na gaske ba ƙaramin saye ba ce, kuma wanda ya hana kansa abubuwa don ya mallake ta yana da haƙƙin ya ji daɗi ranar da ya buɗe akwati. Amma abu biyu aka cuɗanya a nan, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Taurin tsirkiya ciwo ne na gaske, sai dai a yini guda ake warkar da shi. Ƙyamar zanen katako kuwa hotunan talla ne suka koya wa idonmu, kuma ita nake so mu rabu da ita.

A duba yadda ake yin fuskar jita. Galibi da katakon sifurus ake yinta, wanda aka fi sani shi ne na Sitka, mai tsirowa a gaɓar tekun Alaska da yammacin Kanada. Ana tsaga allo ɗaya gida biyu, a shimfiɗa su gefe da gefe, a manne su a tsakiya, shi ya sa kowane rabi yake kama da ɗan'uwansa. Layukan da ake gani shekarun bishiyar ne. Shekarar da ta sha wuya layin ya matse, shekarar da ta samu yalwa ya buɗe. Idan kuma bishiyar ta ɗan murɗe tana girma, jijiyoyinta kan kwanta a karkace, sai haske ya faɗa wa rabi biyun ta fuska daban-daban. Mai shakka ya juya jitar kai ƙasa, zai ga rabin da ya yi duhu ɗazu shi ne ya yi haske yanzu. Launin ma ba na zama ba ne, domin farin sifurus yakan rine zuwa ruwan zuma da daɗewa.

Maƙerin jita na kirki ba ƙirga layuka yake yi ya tsaya ba. Yakan ɗauki allon ya lanƙwasa shi a hankali ya ji taurinsa, ya auna nauyinsa a hannu, ya ƙwanƙwasa da yatsa ya saurari amon. Abin da yake nema shi ne katako mai tauri kuma marar nauyi, kuma babu hoton da ke nuna wannan. Matakan daraja da masu sayar da katako suke liƙawa, su AA da AAA, yawanci kyan gani suke aunawa. Akwai ma wani zane da kan ratsa layukan sifurus a gicciye, wanda masu sana'ar suke kwatantawa da yakushin farcen dabba. A da ana ɗaukarsa aibi. Yau ƙarin kuɗi ake biya a same shi. Katakon bai sauya ba, kasuwa ce ta sauya ra'ayi.

Manyan maƙera sun daɗe suna ƙoƙarin nuna mana hakan. Antonio de Torres, mutumin Sifen da ya tsara siffar jitar da ake bi har yau, ya ƙera wata a 1862 wadda bayanta da gefenta na kwalin takarda ne, fuskarta kaɗai ce katako mai kyau, kuma tana nan a gidan tarihin kiɗa na Basalona. A 1995 Bob Taylor na kamfanin Taylor a Amurka ya haɗa jita da katakon dakalin ɗora kaya da aka yasar a bayan ma'aikata, har da ramukan ƙusa. Ba wai suna cewa katako ba shi da tasiri ba ne. Yana da shi, kuma katakon da jijiyarsa ta karkace ƙwarai ya fi saurin tsagewa, wannan gaskiya ce. Abin da suke nunawa shi ne cewa hannun maƙeri, da kaurin fuskar, da yadda aka jera sandunan da ke tallafe ta daga ciki, sun fi zanen da ke sama yanke hukunci a kan amo.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan ɗabi'a shi ne kuɗin da daji yake biya. Baƙin katakon da ake shimfiɗawa a wuyan jita, inda yatsu suke dannawa, da yawansa daga Kamaru yake fitowa, daga wata bishiya 'yar dangin kanyarmu. A 2011 kamfanin Taylor da wani kamfanin katako na Sifen mai suna Madinter suka sayi masana'antar Crelicam da ke Yawunde. Da Bob Taylor ya zauna da masu saran itacen, sai suka gaya masa cewa kafin su samu bishiya ɗaya mai baƙi ƙirin, sukan kayar da wajen goma. Ba a sanin launin ciki sai an kayar. Masu ratsi-ratsi kuwa a lokacin a daji ake barinsu su ruɓe, saboda kuɗin da ake ba su bai kai wahalar fito da su ba. Bishiyoyin da suka yi shekaru masu yawa suna girma, a kwance a ƙasa, don kawai mai saye a wata nahiya yana son wuyan jitarsa baƙi ba ɗigo. Taylor ya yanke shawarar sayen mai ratsin da farashin baƙin, ya kuma sa shi a jitocinsa har da masu tsada. Don haka ratsin nan da saurayi yake kallo da takaici, alama ce ta cewa ba a bar wannan bishiyar ta ruɓe a banza ba. Mu da muka ga yadda aka kwashe madobiya a dazuzzukan Taraba aka yi waje da ita, bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Rozwud na Barazil ma son kyansa ne ya kai shi ga shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta fi tsananta wa cinikinsu tun 1992.

Yanzu ga ciwon gasken, wato saiti. Yawancin kamfanoni suna fitar da jita da tsirkiya a ɗan sama, da gangan. Ba su san wa zai saya ba, ba su san ƙarfin hannunsa ba, kuma rage tsawo ya fi ƙara shi sauƙi. Kamar rigar kanti ce, sai tela ya taɓa ta kafin ta zauna a jiki. Ga shi kuma tsirkiyoyi shida na ƙarfe suna jan wuyan da nauyin da ya kai kilo 70, jitar ta bi jirgi da mota da rumbun ajiya, zafi da sanyi. Abin mamaki ne ma idan ta iso daidai.

Gyaran ba asiri ba ne. Ana auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe na 12 a cikin ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuya. Wajen milimita 2.5 a ƙarƙashin tsirkiya mai kauri, da wajen 2 a ƙarƙashin siririya, ya wadaci yawancin mutane. Idan ta kai 4, yatsun mai koyo za su yi ta zogi, kuma sautin zai riƙa haurawa sama da inda ya kamata duk lokacin da ya danna. Da farko a duba lanƙwasar wuya, wadda sandar ƙarfen da ke cikinsa take riƙewa. Da alanki ake juya ta, kaɗan-kaɗan, kada a wuce rubu'in zagaye a lokaci guda, kuma aikinta daidaita lanƙwasa ne, ba sauko da tsirkiya ba. Mutane da yawa a nan suke ɓata jita, su yi ta murɗawa har su karya sandar. Sai a koma kan farin ƙashin da ke zaune a kan jaki, wato katakon da ke riƙe da tsirkiyoyi a fuskar jita. Don a rage milimita 1 a ƙarfe na 12, milimita 2 ake gogewa daga ƙasan ƙashin da samfefa, a kan abu mai shafaffen fuska. Daga ƙarshe a duba ramukan ƙashin sama, kusa da kai. A ganina shi ne ya fi korar masu koyo, domin idan ramukan ba su yi zurfin da ya dace ba, haɗin sautin farko-farko da ake koya wa kowa shi ne zai fi wuyar dannawa, yaro ya ɗauka hannunsa ne ba ya iyawa. Sauya tsirkiyoyi zuwa masu ɗan sirantaka ma yana rage wahala nan take.

Akwai abin da mai saye a Ingila ba ya fama da shi kamar mu, shi ne hunturu. Masu ƙera jita suna haɗa ta ne a ɗakin da danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano ko Damagaram ko Sakkwato, daga Disamba zuwa Fabrairu, danshi kan faɗi ƙasa da kashi 20. Katakon sai ya tsuke, fuskar ta lotsa, tsirkiya ta sauko tana kurɗa ƙarafa, bakin ƙarafan ya fito yana yankan tafin hannu, wani lokaci a wayi gari da tsaga daga jaki zuwa gindi. Da damina kuma cikin ya kumbura, tsirkiya ta hau. Jitar da aka yi wa saiti a Legas a watan Agusta wata jita ce daban a Katsina a watan Janairu, kuma wannan ba laifin mai sayarwa ba ne. Maganin mai arha ne: jiƙaƙƙen soso da aka matse, a cikin kwanon sabulu mai huji, a rufe shi tare da jitar a akwatinta, kada ruwan ya taɓa katako. Wasu sukan ajiye ƙashin jaki biyu, dogo na rani da gajere na damina. Zan ma ƙara da abin da masu son alfahari ba sa son ji: ga wanda ba shi da halin wannan kulawa, jita mai baya da gefe na falawud ta fi jure yanayinmu, kuma ba abin kunya ba ce.

Akwai fa aibin da ya cancanci a mayar da kaya, kuma kada kunya ta hana. Wuyan da ya murɗe, jakin da ya fara ɗagowa har takarda tana shiga ƙarƙashinsa, tsaga a fuska, ko jitar da ƙashinta ya riga ya yi ƙasa-ƙasa amma tsirkiya tana sama, wanda ke nuna an dasa wuyan a karkace. Waɗannan ba aikin samfefa ba ne. Abin takaicin shi ne wanda ya shagala da kallon layuka sau da yawa ba ya duba ko ɗaya daga cikinsu, har lokacin mayarwa ya wuce. Haka kuma idan mai sayarwa ya nuna hoton jita guda ya ce ita ce zai aiko, sai ya aiko wata, wannan ha'inci ne ko da ta biyun ta fi amo.

Ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan magana. Marigayi Ɗanmaraya Jos ya zaga duniya da kuntigi, ɗan gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya. Mdou Moctar na Nijar, wanda yau yake cika dandali a Turai da Amurka, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke a madadin tsirkiya. Ba wai ina yabon talauci ba ne, kuma ba na cewa mai koyo ya haƙura da kayan banza. Mdou da kansa da ya samu jita mai kyau ai ya karɓa. Abin lura shi ne inda hankalin waɗannan mutane yake. Haka mai ƙera gurmi ko garaya, yakan yi ta matsar da jaki yana gasa fata yana saurare har sai amon ya zauna, ba ruwansa da ko ƙwaryar tana da tabo.

Gibin da muke da shi na masu gyara ne. A garuruwanmu da yawa za ka samu mai sayar da jita, amma da wuya ka samu wanda zai zauna da ma'auni da 'yar zarto ya daidaita ta. Shi ya sa jitoci masu kyau suke rataye a bango suna shan ƙura, masu su suna cewa ba su dace ba. Kayan aikin kuwa ba su taka kara sun karya ba: ma'aunin ƙarfe mai milimita, alanki, samfefa, ƙananan zartuna, da ƙashin saniya da mahauta suke zubarwa, wanda idan an dafa an busar da shi yana yin aikin ƙashin da manyan kamfanoni suke sa wa jitocinsu masu tsada. Kafintan da ya iya fiƙe ƙofa ta rufu ba gibi, ko makaɗin coci a Jos ko Kaduna da ya saba da kayan kiɗa, zai iya koyon saiti cikin ɗan lokaci idan ya samu tsofaffin jitoci ya gwada hannu. Masu shago ma riba ce gare su su ajiye irin wannan mutum, su daidaita kowace jita kafin ta fita, su kuma ce wa mai saye ya dawo da ita idan hunturu ya kama. Kafin a kai can, wanda zai saya daga nesa ya roƙi mai sayarwa hoton ma'auni a tsaye a kan ƙarfe na 12, da hoton jaki daga gefe, da faifan murya na kowace tsirkiya ana danna ta daga sama har ƙasa.