Masu Sa Rana Aiki a Lop Nur

Duk manomin da ya taɓa saɓa buhun takin NPK ya san haruffan nan uku. Na ƙarshensu, K, shi ne fotash, sinadarin da ke ƙarfafa kara, ya sa ƙwaya ta cika. Ba kanwar kununmu ba ce, ko da yake da Turanci akan kira su da suna ɗaya. Cikin wuraren da ake samo shi, da wuya a sami mai tsananin Lop Nur, wani ƙafaffen tafki a gabashin hamadar Taklamakan, a yankin Shinjiyang na ƙasar Sin. Saboda nisansa da mutane ne ma Sin ta gwada bom ɗinta na nukiliya na farko a wannan yanki a 1964.

Fotash ɗin Lop Nur narkakke ne cikin ruwan zartsi da ke kwance ƙarƙashin ɓawon gishiri. Ma'aikata sukan haƙa rijiyoyi, su zuƙo ruwan da famfo, su kora shi ta magudanai zuwa wasu manyan fangaloli da har tauraron ɗan'adam ke hangowa. Daga nan sai su bar wa rana da iska sauran aikin. Ruwan sama ba ya taka kara ya karya a wurin, zafin da ke korar matafiyi kuwa shi ne ya zama murhun da ba a saya masa makamashi.

Gwanintar tana cikin sanin lokaci. Gishirori ba sa daskarewa tare. Idan ruwan ya fara ƙafewa, gishirin miya ne ke riga kwantawa, masu ɗauke da fotash sai daga baya. Mai kula da fangali kullum yana cikin auna kaurin ruwa, yana lura da zafin rana da kaɗawar iska, don ya san ranar da zai buɗe hanya ruwan ya wuce fangali na gaba. In ya yi gaggawa, gishirin miya ya bi ruwan ya gurɓata amfanin. In ya yi jinkiri, fotash ya kwanta inda ba a so. Tamkar mai tuƙa tuwo ne, sai dai tukunyarsa ta fi gari faɗi, kuma ba shi ke riƙe da wutar ba. Abin da aka kwashe shi masana'anta ke tacewa ya zama taki maras gishirin da ke cutar da dankali, taba da itatuwan marmari.

Saura fitar da kaya. Ruwan sha, abinci, mai da ƙarfen gyara, duk daga nesa ake kawo su, taki kuwa nauyi gare shi, kuɗin mota na iya cinye ribarsa tun bai isa gona ba. Shi ya sa aka shimfiɗa layin dogo mai tsawon kimanin kilomita 374 daga birnin Hami, aka buɗe shi a 2012, cikin ƙasar da gishiri ke cin kankare da ƙarfe. Yanzu jirgi kan shiga da guzurin ma'aikata, ya fito da abin da rana ta dafa.