Toksoplasma a jinin 'yan makaranta: muna ƙirga waɗanda suka kamu, muna manta waɗanda ke cikin haɗari

Idan kana bibiyar binciken lafiya da ke fitowa daga jami'o'inmu, akwai wani nau'in rahoto da za ka gane fasalinsa tun daga shafin farko. Masu bincike su je makarantun firamare na karkara, su ɗebi jinin yara ɗari biyu ko uku, su gwada, sannan su rubuta cewa kaso kaza cikin ɗari "na ɗauke da cutar toksoplasma". A ƙarshe a rufe da shawara guda: a wayar da kan jama'a, a nisanci mage. Na karanta irin waɗannan da dama, kuma a wannan fagen nake karatu, don haka sukar da zan yi har da ni a ciki. Lambar da ake fitarwa ba ƙarya ba ce. Matsalar tana wajen yadda muke fassara ta, da kuma inda muke tsayawa bayan mun same ta.

Zan riƙa auna maganar da Bakori da kewayenta, daga Funtua zuwa Malumfashi, domin duk abin da ƙwayar nan ke buƙata yana nan: rumbunan masara da dawa, ɓerayen da ke bin su, magen da ke bin ɓerayen, tumaki da awaki da kaji a tsakar gida, rijiyoyi, ga damina da ta fi ta arewacin Jihar Katsina ƙarfi.

Mece ce ita, a taƙaice

Sunanta na kimiyya Toxoplasma gondii, kuma 'yar dangin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ce. Charles Nicolle da Louis Manceaux ne suka gano ta a Tunis a 1908, a jikin wata ƙaramar dabba mai kama da gafiya, a shekarar kuma Alfonso Splendore ya gan ta a jikin zomo a Brazil. Sai a 1970 aka tabbatar cewa a hanjin mage da danginta kaɗai take yin ƙwayayen da ke fita ta kashi. Mutum kan kamu ta hanyar ƙasa ko ruwa ko ganyen da kashin ya gurɓata, ko naman da bai dahu ba, ko daga uwa zuwa ɗan tayi. An ƙiyasta kusan ɗaya bisa uku na mutanen duniya sun taɓa kamuwa, kuma mafi yawansu ba su ma sani ba. Wasu su ɗan yi zazzaɓi da kaluluwa a wuya, shi kenan.

Abin da gwajin ke gani

Gwajin jinin da ake yi ba ya ganin ƙwayar kanta. Dakarun garkuwar jiki yake nema, musamman waɗanda ake kira IgG. Su kuwa kamar tabo suke: in sun bayyana sukan zauna har ƙarshen rayuwa. Yaro ɗan aji biyar da aka samu da IgG yana iya yiwuwa ya kamu tun yana rarrafe, jikinsa ya danne ƙwayar, yau lafiyarsa lau. In ka rubuta "yana fama da cuta", ka faɗi abin da gwajinka bai nuna ba.

Akwai na biyu, IgM, wanda wasu rahotanni ke ɗauka kai tsaye a matsayin sabon kamu. Nan ma sai an yi hattara. IgM na iya daɗewa watanni, wani lokaci fiye da shekara, kuma yakan nuna akwai alhali babu. Shi ya sa ake da wani gwajin na auna ƙarfin riƙon IgG, wanda ke taimakawa wajen bambanta tsohon kamu da sabo. Rahoton da bai yi shi ba, ai bai kamata ya yi maganar "sabon kamu" da gaba gaɗi ba.

Sai kuma labarin da ke yawo cewa ƙwayar na dakushe ƙwaƙwalwar yara ko tana canza halinsu. Gaskiya ne an nuna a Oxford a 2000 cewa ɓeran da ya kamu yakan daina gudun warin fitsarin mage. Amma ɓera daban, yaro daban. Wani bincike da aka daɗe ana bibiyar mutane a Dunedin ta ƙasar New Zealand, wanda ya fito a 2016, bai sami wata hujja mai ƙarfi ba ta alaƙa tsakanin kamuwa da taɓin hankali ko raguwar basira. Kada ka bari a tsorata ka da wannan.

Laifin mage, da iyakarsa

Takardar tambayoyin da ake cikewa kusan kullum tana da layin nan: "Akwai mage a gidanku?" Ka yi tunanin amsar a ƙauye kamar Tsiga ko Kabomo. Gidanku babu mage, amma ta maƙwabta tana tsallako katanga kowane dare, ta tona tarin yashin da yara ke wasa a kai da safe. To "a'a" ɗin da yaron ya ce me ta auna?

Ga kuma yadda abin yake. Mage takan zubar da ƙwayayen na mako ɗaya zuwa uku ne kawai, galibi lokacin da ta fara kamuwa, sai dai a wannan ɗan lokacin tana iya zubar da miliyoyi. Sabon kashi ba ya harbi nan take, sai ya yi kwana 1 zuwa 5. Daga nan kuwa ƙwayayen na iya rayuwa watanni, har fiye da shekara, a ƙasa mai laima da inuwa. Ka ga ashe haɗarin ya bar jikin magen ya koma ƙasa da ruwa. Shafa gashinta ba shi ne babbar hanya ba. A 1995, a birnin Victoria na Kanada, an tabbatar da mutum 100 da suka kamu a ɓarkewar da aka danganta da ruwan famfo, domin sinadarin kulorin ba ya kashe waɗannan ƙwayaye. In hakan ya faru a can, me za ka ce game da rijiyar da ba ta da murfi bayan ruwan sama na watan Agusta?

Don haka cewa manomi ya kori magensa shawara ce mai tsada marar riba. Ɓera zai cinye masa hatsi, ƙasar kuma tana nan yadda take.

Su wa aka gwada?

Makarantar da ke bakin titin Funtua zuwa Malumfashi ta fi sauƙin zuwa, musamman yanzu da matsalar tsaro ta sa mai bincike yake tunani kafin ya shiga lungu. Ban ga laifin kowa ba a nan. Amma almajirai, da yaran ruga, da masu talla da ba sa zuwa aji, duk ba sa cikin lissafin. A faɗi haka ƙarara, kar a ɗauki makarantu uku a kira su "yaran karkara".

Yarinyar da aka ce ba ta da komai

Nan ne babbar sukata. A kowane rahoto ido na kan waɗanda gwajinsu ya nuna akwai. Alhali idan ana maganar gaba, yarinyar da gwajinta ya nuna babu ita ce abin dubawa. Wadda ta kamu tun tana ƙarama, in garkuwar jikinta lafiya, galibi ɗan tayinta na da kariya. Wadda ba ta taɓa kamuwa ba, in ta kamu karon farko tana da ciki, ƙwayar na iya ratsawa zuwa ɗan tayi. A farkon ciki ba ta cika ratsawa ba, amma in ta ratsa ɓarnar ta fi muni: ɓari, ko taruwar ruwa a kan jariri, ko lahani a ƙwaƙwalwa. A ƙarshen ciki ta fi ratsawa, jariri ya fito kamar lafiya, sai bayan shekaru tabo a cikin ido ya fara rage masa gani.

'Yar aji shida ta yau, nan da 'yan shekaru tana iya zama a layin awo. Gwajin toksoplasma ba ya cikin waɗanda aka saba yi wa masu ciki a asibitocinmu. Faransa tana gwada masu cikin da ba su taɓa kamuwa ba kowane wata tun 1992, Ingila kuwa ta auna ta ga ba za ta yi gwajin kowa da kowa ba. Ban ce mu kwafi Faransa ba. Cewa nake, tun da ba mu gwaji, bayanin kariya shi ne abin da ya rage mana, kuma shi ne rahotanninmu ke taƙaitawa a layi ɗaya.

Abin da ya kamata a yi da lambar

Gwada yara yana da amfani na gaske. Saboda ƙarancin shekarunsu, jininsu na nuna yaɗuwar da ke faruwa a 'yan shekarun nan. In aka jera sakamako bisa shekaru da unguwa da irin ruwan sha, aka haɗa da gwajin ƙasa da rijiya da kajin gida, za a fara ganin ta ina take shigowa. Yaron da ke ƙorafin ba ya ganin allo a kai shi a duba masa cikin ido. Iyayen da suka yarda aka ɗebi jinin ɗansu kuma a koma a yi musu bayanin sakamakon da Hausa. Haƙƙinsu ne.

Kai kuma a gida, musamman in akwai mai ciki ko mai raunin garkuwar jiki: a dafa nama har ja ya ɓace a ciki, har da tsire da balangu. A wanke hannu da wuƙa da sabulu bayan aikin ɗanyen nama, balle ranar layya. A wanke latas da karas da kabeji sosai. A rufe rijiya, a tafasa ruwan sha in ana shakkarsa. Kashin mage a kwashe shi kullum tun bai yi kwanaki ba, kuma kada mai ciki ta zama ita ce mai kwashewa.

Gobe in ka ga kanun labari na cewa kaso kaza na yaran wani gari na ɗauke da toksoplasma, ka tambaya: wane gwaji aka yi, su wa aka gwada, kuma me aka gaya wa 'yan matan da sakamakonsu ya nuna babu?