A Cire Ko A Bari? Nazari Kan Gilashin Bayan A-kori-kura Wajen Manna Baƙar Leda

Masu sana'ar sa wa mota baƙin gilashi sun daɗe da rabuwa gida biyu a kan gilashin bayan a-kori-kura. Wasu sun ce aiki ba ya kyau sai an ciro gilashin, an kwantar da shi a kan tebur, an manna leda, sannan a mayar. Wasu kuma sun ce gwani ba ya kwance komai, a jikin mota yake gama aikinsa. An fi jin wannan musu a Amurka, inda a-kori-kura irin su Ford F-150 suka zama motar hawa ta yau da kullum, amma ya shafi duk garejin da Hilux ko tsohuwar Peugeot ke shiga. A ganina kowane ɓangare yana magana ne a kan gilashi dabam, alhali suna zaton abu ɗaya suke nufi. Abin da ya riƙe gilashin a jikin ƙarfe shi ke yanke hukunci: idan roba ce, cirewa ta fi, idan da gam aka manne shi, cirewa ɓarna ce, sai da wani dalili mai ƙarfi da ya wuce neman kyan leda.

Sai an san yadda ledar take kafin a gane me ke jan mutane ga cirewa. Siririn fallen roba ne mai gam a fuska ɗaya, irin wanda kamfanin 3M ya sami rajistar mallakar fasaharsa a 1966, kuma ta ciki ake manna shi. Ana fesa wa gilashi ruwan sabulu, a ɗora ledar, a daidaita ta tun tana santsi, sannan a bi da faffaɗar roba ana matse ruwan daga tsakiya zuwa baki. Babbar abokiyar gabar wannan aiki ƙura ce. Ƙwayar rairayi ɗaya ta shiga tsakanin leda da gilashi, ta zama farin ɗigo da ba ya ɓacewa. Ga kuma matsin wuri: a a-kori-kura mai gida ɗaya gilashin baya yana daf da kujera, mai aiki yana durƙushe a karkace, gwiwar hannunsa na gogar rufi, rufin na zubo masa ƙura a kan jiƙaƙƙen gam. Duk wanda ya ga wannan wahala ba zai yi mamakin mai son kai gilashin tebur ba.

Al'adar cirewa ta samo asali ne daga zamanin roba. A tsofaffin motoci, kamar Peugeot 404 da 504 da masana'antar Kaduna ta riƙa haɗawa bayan buɗe ta a 1975, da tsofaffin Hilux, gilashin baya yana zaune ne cikin wata kaurarar roba mai tsaga biyu, ɗaya ta kama gilashi, ɗaya ta ciji bakin ƙarfe. A nan hujjar masu cirewa tana da ƙarfi ƙwarai. Ƙarƙashin leɓen robar nan ƙurar shekaru ce a maƙare, kuma da zarar ruwan sabulu ya gangara ciki sai ya dawo da dattin bayan ledar. In kuma aka yanke leda daidai bakin roba, ana barin siririn layin haske, wanda ke ƙara faɗi idan robar ta tsuke da tsufa. Amma in an ciro gilashin, a wanke shi har gefe, a kai ledar kusa da baki, robar ta rufe sauran, ba layin haske, ba bakin da farce ko iska za su ɗaga. Mayarwar ma ba ta cin kuɗi. Ana zagaya igiya mai ƙwari cikin tsagar robar, bakunanta biyu su haɗu a ƙasa ta tsakiya, a shafa ruwan sabulu, mutum ɗaya ya danne gilashin daga waje da tafin hannu a buɗe, na ciki ya riƙa jan igiyar a hankali, leɓen robar na hawa kan ƙarfe taƙi bayan taƙi, har a zo kusurwa inda ake rage sauri. Ba a shafa baƙin mai, domin yana cinye roba, kuma ba a gaggawar mayarwa ledar na ɗanye, don robar na iya tattare bakinta.

Akwai masu cewa ko a nan ma a bari, domin tsohuwar roba kan tsage, gilashi kuma kan fashe. Gaskiya ne, kuma haɗarin ba ƙarami ba ne. Gilashin baya galibi gasasshe ne: an zafafa shi fiye da digiri 600 a ma'aunin Salshiyas aka sanyaya shi da sauri, shi ya sa fuskarsa ke da ƙarfi amma gefensa ba ya son taɓi. Sukudireba ya ɗan dake shi a baki, sai ya tarwatse kamar tsakin masara, ba abin da za a tsinta. Sai dai wannan hujja ce ta yin hattara da tanadar sabuwar roba kafin a fara. Robar da ta bushe har ta kasa jure cirewa ta riga ta kusa fara yoyo ko ba a taɓa ta ba, kuma canza ta a rana ɗaya da manna leda jifan tsuntsu biyu ne da dutse ɗaya.

Labari ya sauya da kamfanoni suka koma manne gilashi da baƙin gam mai ƙarfi da ake kira yuretan. Yawancin sababbin a-kori-kura haka suke. Wannan gilashi ba ya turuwa, yanka shi ake yi, da siririyar wayar ƙarfe ko wuƙa ta musamman da ake zurawa tsakanin gilashi da jikin mota. Wuƙar kan kankare fenti, in ba a shafa maganin share fage a wurin ba tsatsa ta kama a ɓoye ƙarƙashin sabon gam, sai bayan damina ɗaya ko biyu ruwa ya fara ɗiga bayan kujera. Wasu gilasan kuma an zuba masu robar ado a jiki tun daga masana'anta, wuƙa ta ci ta shi ke nan. Kuma me aka samu bayan duk wannan? Kusan babu. Gilashin da ake mannewa yana zuwa da baƙin zobe na gasasshen fenti a gefensa, wanda aka yi don kare gam daga hasken rana, kuma bakin leda yana ɓuya a bayansa ba tare da an cire komai ba. Bugu da ƙari, ba a kai leda inda gam zai zauna, domin in gam ya kama leda maimakon gilashi, to ledar ce ke riƙe da gilashin. Wato babbar ribar cirewa, kai leda har baki, a nan ba ta ma halatta ba.

Masu cirewa za su ce to ƙurar fa, da matsin wuri? Duka suna da magani mafi araha: a kwantar da kujera ko a kwance ta, a zare matashin kai, a rufe bakin rufi da tef, a yayyafa ruwa a ƙasa, a yi aiki a rufaffen wuri. Lanƙwasar gilashi ma ba hujja ba ce, tunda ta waje ake ɗora leda a hura mata zafi har ta ɗauki siffarsa, sannan a kai ta ciki. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce gilashi mai zamiya, mai falle uku ko huɗu cikin firam, inda leda ke wahalar shiga ƙarƙashin gashin da fallen ke gudu a ciki. A nan ma sau da yawa fallen tsakiya kaɗai ke buƙatar kulawa ta musamman, ba sai an yanko firam ɗin gaba ɗaya ba. Ƙananan ɗige-ɗigen baƙi da ke bakin zoben kuwa, waɗanda leda ba ta kwanciya a kansu sosai, ko a tebur haka suke.

Cire mannannen gilashi ya fi muni a inda ainihin gam ɗin ke da tsada ko wuyar samu. Sai a ga an mayar da gilashi da silikon na gini, mai warin tsami, wanda ba shi da ƙarfin riƙo irin na yuretan, tsamin da yake fitarwa yana taimakon tsatsa, kuma duk inda ya taɓa, gam na gaskiya ba ya sake kamawa da kyau sai an sha wahalar kankarewa. Ko an sami yuretan ɗin, da laimar iska yake ƙarfi, don haka a busasshen hunturun Kano ko Damagaram yana daɗewa kafin ya kama, mai mota kuwa yana tsaye yana jiran makulli. Ga kuma wani lissafi da mai mota a Najeriya ya kamata ya yi: dokar 1991 ta hana baƙin gilashi sai da izini, 'yan sanda sun dakatar da ba da izinin a 2021, suka dawo da shi a 2025. Ledar da wata rana za a iya cewa a ɓare ta a bakin titi ba ta kai a yanke gam ɗin masana'anta dominta ba.

Akwai nau'i na uku da ke tsakani, kamar wasu Ford Ranger da F-150 na ƙarshen shekarun 1990, waɗanda aka ɗaure gilashinsu da notina ta ciki, da wani baƙin ƙaro mai laushi a matsayin abin hana ruwa. Waɗannan suna kwancuwa ba tare da yanka ba, amma sai an sauke robobin ciki da gefen rufi, kuma dole a sa sabon ƙaro, tsohon ba ya sake rufewa. In motar dama tana yoyo ta nan, a cire a yi aiki biyu. In ba ta yoyo, a bar ta. Kuma kowane iri ne, kafin sukudireba ya taɓa roba ya kamata mai leda da mai mota su gama magana a kan wanda zai biya in gilashi ya fashe, domin kuɗin gilashi mai zamiya na iya ninka ladan aikin sau da yawa.