Daga Kara Zuwa Kwali: Nazarin Al'adar Haɗa Mazauni Marar Nauyi a Yankin Jega

Hanyoyi biyu Bahaushe ya gada wajen samar da abin zama da na kwanciya. Ta farko ita ce sassaƙa, inda masassaƙi ke rage gungumen itace har kujerar tsuguno ta fito daga cikinsa, ta biyu kuwa ita ce haɗi, wato a tara abubuwa marasa nauyi irin su karan dawa da gwangwala, a jera su, a ɗaure, har su iya ɗaukar mutum. Masu nazarin sana'o'in gargajiya sun fi karkata ga ta farko saboda tana da gidajen gado da sarauta, alhali ta biyun ce ta fi yaɗuwa a gidan talaka, musamman a ƙasar noman dawa da gero irin ta Jega da Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi.

Ƙarfin kara yana cikin ƙirarsa ne, domin bayansa ɓawo ne mai tauri, cikinsa kuma totuwa ce mai laushi wadda ke hana ɓawon lotsewa. Sili ɗaya yaro ma yana karya shi, amma mai haɗa gadon kara yakan shimfiɗa sahu ɗaya a tsaye, ya ɗora wani a gicciye, ya ɗaure mahaɗarsu da igiyar rama ko kaba, ta yadda nauyin mai kwanciya zai rarrabu a kan karare masu yawa. Haka ake yi da gwangwala, wato reshen tukurwa, wadda ake huda ta a soka turaku a haɗa kujera ba tare da ƙusa ba. Wannan ilmi ba a aji ake koyonsa ba: yaro yana fara shi ne da motar kara bayan girbi, sannan ya gan shi a jikin danga da rumfa da kuma rudu, wato ma'ajin kara da ciyawa da manoman Aliero ke adana albasa a ciki don iska ta riƙa ratsa ta.

Kwali ya shigo yankin ne ta hanyar fatauci. Jega, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a ƙarni na 19, mahaɗa ce ta hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri, kuma kayan masarufin da ake saukewa a kasuwarta, daga taliya zuwa sabulu, galibi a katan suke zuwa. Idan aka duba bakin katan za a ga takarda biyu shimfiɗaɗɗu da wata mai lanƙwashe-lanƙwashe a tsakaninsu, wadda ke samar da ƙananan ramuka a jere, kuma waɗannan ramuka su ne ke yin aikin da kara ke yi. Saboda haka kujerar kwali tana tsayuwa ne a kan ƙa'idoji uku: ramukan ƙafafunta su kalli sama domin nauyi ya bi tsawonsu, mazauninta ya kasance sahu-sahu ne da aka liƙa a gicciye da gam ko kunun sitaci, sannan a tsaga allunan cikinta a sarƙa su da juna don kada ta karkace. Duk wanda ya taɓa ɗaure gadon kara ya riga ya san biyu daga cikin ukun.

A wasu ƙasashe an daɗe da ɗaukar wannan aiki da muhimmanci. A 1972 mai zanen gine-gine Frank Gehry ya fito da kujerun kwali a Amurka ta hanyar liƙa sahu a kan sahu a gicciye, kuma a wasannin Olamfik na Tokyo da aka yi a 2021 a kan gadajen kwali 'yan wasa suka kwana. Abin da ya fi kusa da bukatar Kebbi shi ne aikin Bevill Packer a Zimbabuwe, wanda ya koyar da haɗa kayan ɗaki daga tsohon kwali da takarda da kunun fulawa, fasahar da a yau ake amfani da ita a ƙasashen Afirka da dama wajen yi wa yara masu lalurar ƙwaƙwalwa, waɗanda ba sa iya zama da kansu, kujeru daidai jikinsu.

Sai dai adalcin nazari ya wajabta faɗin raunin kwali. Kwali ba ya jure ruwa, danshin damina yana sassauta shi, gara tana cin sa kamar yadda take cin kara, kuma wuta tana kama shi nan take, don haka ba zai iya gogayya da kujerar roba a wurin biki ko da bencin kafinta a tsakar gida ba. Fenti ko man goge katako yana ƙara masa kwana, amma ba ya mayar da shi katako. Akwai kuma matsalar daraja, domin jama'a na kallon kara da kwali a matsayin kayan rashi, wanda hakan ya sa masu gwanintar haɗa su ba sa ɗaukar abin a matsayin sana'ar da za a gadar.

Duk da haka, wurin da kujerar kwali ta dace a bayyane yake: cikin ɗaki, a ajin ƙananan yara da ke zaune a ƙasa, da gidan da ke da yaro mai bukata ta musamman wanda iyayensa ba su da kuɗin kujerar asibiti. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana da injiniyoyin da za su iya auna nauyin da kwali ke ɗauka, ƙauyukan da ke kewaye da ita kuma suna da hannuwan da suka san jeri da ɗauri. Ya kamata malaman jami'ar da hukumomin ilmi na ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama su nemo masu haɗa gadon kara tun suna da rai, su rubuta iliminsu, su kuma sanya shi cikin darasin sana'a na makarantun firamare.