Gasar Fiyano ta Birnin Warso: Ko Ana Auna Kiɗa da Mudu?

A cikin shekarar 1927 aka fara wata gasa ta makaɗan fiyano a Warso, babban birnin ƙasar Folan. Fiyano kuwa wani babban akwatin kiɗa ne na Turawa mai tsirkiyoyi a ciki, da yatsu ake danna shi. Sharaɗin gasar shi ne kada a kaɗa kome sai kiɗan da Chopin ya tsara, watau mashahurin makaɗin ƙasar wanda ya rasu a Faris a 1849.

Wani malamin kiɗa, Jerzy Zurawlew, shi ya kawo shawarar. Ya ga samarin zamanin sun raina kiɗan Chopin, hankalinsu ya koma ga wasan ƙwallo, sai ya ce bari a jawo su da abin da suke so, watau kokawar neman zama zakara. Dabarar ta ci, amma akwai abin dubawa a cikinta. A sukuwa kowa yana ganin dokin da ya riga isa. Daɗin kiɗa fa, wa ya san muduns­a?

Lalle alƙalan farko sun cancanci yabo. Kusan dukansu mutanen Folan ne, kuma shekara bakwai ke nan da sojan Rasha suka zo har bakin Warso da yaƙi. Duk da haka, cikin makaɗa 26, suka ba Lev Oborin, ɗan Rasha mai shekara 19, lambar farko, ɗan ƙasarsu Szpinalski ya zo na biyu. Amma a nan ne kuma Shostakovich, wanda daga baya duniya ta san shi wajen tsara kiɗa, ya tashi da takardar yabo kurum.

A gasa ta biyu, a 1932, aibin ya fito fili. Alexander Uninsky da Imre Ungar, wani makaho mutumin Hangari, suka yi kunnen doki. Maimakon a raba musu girman, sai aka jefa ƙuri'a, ta faɗa wa Uninsky. Mai karatu ya duba: makahon da ya haddace wannan kiɗa duka da ka, a ce sa'a ce ta mai da shi na biyu! Wannan ba hukunci ba ne, gudun hukunci ne.

Yaƙin Duniya na Biyu ya hana gasar 1942. Da aka komo a 1949, mata biyu, Halina Czerny-Stefanska da Bella Davidovich, aka ba su lambar farko tare, ba a nemi ƙuri'a ba.