Mutuwar Akilis da Waƙoƙin Taroy da Suka Ɓace

An daɗe ana kallon waƙoƙin jarumta na tsohuwar Girka da suka ɓace a matsayin 'yan rakiyar Iliyad da Odisi, wato waƙoƙi biyu da ake jingina wa Homa, har wasu na ganin ɓatan nasu ba wata asara ba ce. Wannan hukunci ya samo tushe daga Aristotal, wanda a ƙarni na 4 kafin Miladiyya ya yaba wa Homa saboda ya tsaya kan yanki ɗaya na yaƙin Taroy, ya kushe sauran mawaƙa don sun cusa al'amura barkatai, har ya ce za a iya fitar da wasannin kwaikwayo takwas daga Ƙaramar Iliyad kaɗai. A 1977 manazarci Jasper Griffin ya ƙara da cewa waƙoƙin cike suke da tsafi da al'ajabi da jarumai masu kuɓuce wa mutuwa, abubuwan da Homa ya kauce musu.

Waƙoƙin da suka shafi Taroy guda shida ne, akasari ana ɗora su a ƙarni na 7 da na 6 kafin Miladiyya, kuma ana kiran su da zagaye domin idan aka jera su tare da na Homa sukan ɗauko labarin tun daga musabbabin yaƙin har mutuwar Odisiyas. Kifiriya mai kashi 11 ce ta zo da mafari, Etiyofis mai kashi 5 ta ɗora daga inda Iliyad ta tsaya, sai Ƙaramar Iliyad da Rushewar Taroy da Komawa Gida da Telegoni, jimilla kashi 29. Abin da ya tsira daga lafazinsu bai kai ɗango 200 ba, alhali Iliyad kaɗai ta haura 15,000, sai kuma taƙaitawa a zube da wani malami mai suna Furoklus ya yi, wadda mafi yawanta ya iso ta cikin wani kwafin Iliyad na ƙarni na 10 da ke ajiye a Benis. Aristotal ya karanta waƙoƙin ɗungurungum, don haka yana da hurumin magana a kan zubinsu, amma mai suka na yau tamkar wanda aka karanta wa jerin jigogin Bakandamiyar Narambaɗa ne a takarda, bai ji kiɗa ko amshi ba, sannan ya ce waƙar ba ta da armashi.

Darajar waɗannan waƙoƙi ta fi fitowa a wata dabara da ake iya kira aron jigo, wato mawaƙi ya ɗauko zubin wani sanannen labari ya ɗora wa wani jarumi dabam, domin mai sauraro ya ji labari biyu a lokaci guda. A Etiyofis, Memnon sarkin Itiyofiyawa, ɗan Iyos wadda Girkawa suka ɗauka ita ce alfijir, ya kawo wa Taroy gudummawa sanye da sulken da Hefestus maƙerin alloli ya ƙera, ya kashe Antilokus abokin Akilis. Akilis ya ɗauki fansa a kan Memnon, ya koro mayaƙan Taroy har cikin ƙofar birni, inda Faris ɗan sarkin Taroy ya kashe Akilis da taimakon Afolo, ɗaya daga cikin alloli. Aka gwabza a kan gawarsa, Ajas ya saɓo ta zuwa jiragen ruwa yayin da Odisiyas ke tare abokan gaba, Tetis uwar Akilis ta fito daga teku da 'yan'uwanta mata suka yi makoki, aka kuma shirya wasannin gasa don girmama shi.

Wanda ya san Iliyad zai gane wannan zubi nan take, sai dai a can Fatroklus ne abokin da aka kashe, Hekta kuma makashin da aka ɗauki fansa a kansa. Abin lura shi ne Fatroklus ya gaji rabo biyu, domin ya mutu a matsayin Antilokus, kuma ya mutu irin mutuwar Akilis kansa: ya shiga fage da sulken Akilis, ya matsa har gindin ganuwa, Afolo ya buge shi kafin mutane su ƙarasa shi, kashi na 17 ya tafi a faɗa kan gawarsa, na 23 kuma a jana'izarsa da gasar da ta biyo baya. Hujja mafi ƙarfi tana kashi na 18, inda labarin mutuwar ya iso, Akilis ya zube cikin ƙura, Tetis da matan teku suka taso da kuka, ta riƙe kansa kamar yadda ake riƙe kan mamaci. Makoki irin wannan ya fi ƙarfin mutuwar abokin ɗa, kuma bai zauna daram ba sai an gane cewa an aro shi ne daga jana'izar Akilis, wanda a wannan wuri ne uwar ta shaida masa cewa ajalinsa na biye da na Hekta. Ta haka Iliyad ta nuna mutuwar da ba ta taɓa ba da labarinta ba.

Masu ja da wannan fahimta, wadda Johannes Kakridis da Wolfgang Kullmann suka yi fice wajen kafa ta, sukan ce Etiyofis ta zo bayan Iliyad, saboda haka ita ce ta kwaikwaya. Wannan ja ya cakuɗa ranar da waƙa ta shiga takarda da shekarun da labarinta ya yi a bakin mawaƙa, alhali tun binciken Milman Parry aka tabbatar da cewa Homa magajin doguwar al'adar waƙar baka ne. Odisi ma ta ambaci cewa ɗan alfijir ne ya kashe Antilokus, a taƙaice, kamar abin da kowa ya sani. A kashi na 8 na Iliyad Faris ya harbi dokin tsoho Nesto, Diyomidis ya cece shi ba tare da wata asara ba, yayin da a ruwayar da mawaƙi Finda ya adana, wannan harbin doki ne ya sa Antilokus ya ba da ransa don ceton mahaifinsa Nesto daga Memnon. Ba wuya a gane inda wannan fage ya fi kama da gidansa na asali.

Ko ƙorafin Griffin, idan aka duba da kyau, shaida ce ga waɗanda yake kushewa. A Etiyofis Iyos ta roƙo wa Memnon dawwama daga Ziyus sarkin alloli, Tetis kuma ta fizge ɗanta daga wutar ƙona gawa ta kai shi Farin Tsibiri. Homa ya hana akasarin jarumansa wannan mafita, har Odisi ta nuna Akilis a cikin matattu yana ƙyamar halin da yake ciki, Iliyad kuma ta sa Ziyus ya so ceton ɗansa Sarfidon, matarsa Hira ta hana shi, abin da ya samu kawai shi ne Barci da Mutuwa su ɗauki gawar zuwa ƙasarsa Likiya. Tsananin wannan hani bai iya ratsa mai sauraro sai in ya riga ya san cewa a bakin wasu mawaƙa 'ya'yan alloli sukan tsira, kuma Girkawan da Homa ya yi wa waƙa sun san haka sarai.