Ɓad-da-kama a Labaran Soyayya na Tarihi da na Binciken Kisa

Marubutan waɗannan rassa biyu sun yi tarayya wajen amfani da ɓad-da-kama, amma manufarsu ta sha bamban. A littafin Ivanhoe na Walter Scott (1819), tauraro ya shiga gasar mahaya fuska a rufe. Mai karatu ya riga ya harbo jirgin, jira kawai yake mahaifin da ya kore shi ya gane shi. A The Murder of Roger Ackroyd na Agatha Christie (1926) kuwa, mai ba da labarin ne makashin, wato mai karatu aka yi wa rufa-rufa.

Saboda haka ɗalibi ya riƙa tambaya: wa aka ɓoye wa gaskiya, me kuma tonuwarta ta sauya? Idan ba ta sauya komai ba, marubucin aron salo kawai ya yi.